LEƘE CIKIN ƊAKIN MASU TSARA KAYAN AIKI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu hannu da ido da hankali, Ya hore mana ƙarfe da itace da yumɓu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 

Darasinmu na yau da tambaya zai fara. Uwargida, sau nawa kika ɗauki butar shayi za ki zuba wa baƙi, ruwan ya biyo bakin butar ya tsiyaye a kan tire? Sau nawa kika naɗe hannu da gefen zani kina kokawa da murfin kula, ya ƙi buɗuwa, ga maigida zaune yana jiran abinci? Sau nawa mariƙin tukunya ya ƙona ki? To idan haka ta faru me kike cewa? Yawancinmu kanmu muke zargi, mu ce yau dai garaje ya yi mana yawa. In kuwa 'yarki ce ta zubar, ko yarinyar da kike riƙo, sai faɗa ya tashi: "Ke dai ba ki da natsuwa!" Wani lokaci har da ranƙwashi.

Ki sani 'yar'uwa, sau da yawa hannun ba shi da laifi, butar ce mai laifi. Ita kuwa buta ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne ya zauna ya yanke shawarar tsawon bakinta da kaurin mariƙinta da inda murfinta zai zauna. Ko dai ya yi aikinsa da lura, ko ya yi shi da ganganci. Yau ɗakin aikin irin waɗannan mutane za mu leƙa, mu ga yadda suke wuni.

WANE IRIN WURI NE?

Kin san idan za a gina gidan zamani, kafin magina su haƙa harsashi sai mai zane ya fitar da taswirar gidan. Haka abin yake ga kayan masana'anta. Kafin inji ya fara zubo fulas dubu ɗari iri ɗaya, sai an sami waɗanda suka tsara shi tukuna. Wasu kamfanoni suna da nasu masu tsarawar a cikin gida, wasu kuma sai su kai aikin wata ma'aikata ta daban wadda ba ta da kanti, ba ta sayar da komai, sana'arta kawai tsara wa mutane kaya. Irin wannan ma'aikata ce nake kira ɗakin tsara kaya. Nauyin da ke kansu ba ƙarami ba ne. Maƙerin unguwarku idan ya kuskure, wuƙa ɗaya ce ta lalace, gobe ki mayar masa ya gyara. Mai tsara kayan masana'anta idan ya kuskure, kuskurensa gida dubu ɗari zai shiga.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a shi ne IDEO, wanda aka kafa a shekarar 1991 a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya a Amurka. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai David Kelley, injiniya kuma malami a Jami'ar Stanford. A shekarar 1999 gidan talabijin na ABC ya shiga wurin da kyamara, ya ba su kwana 5 su sake tsara amalanken nan na ƙarfe da ake turawa ana zuba kaya a manyan kantuna. Ta wannan shiri ne jama'a da yawa suka fara ganin yadda cikin irin wannan wuri yake.

Wallahi da za ki shiga a lokacin, cewa za ki yi yara ne suka hargitsa ɗakin. Ga kekunan ma'aikata an ja su da igiya suna rataye a sama. Ga fiffiken tsohon jirgin sama an maƙala. Bango duk hotuna da 'yan takardu masu rubutun hannu. Suna ma da wata kabet mai aljihuna da yawa da suke tara tarkace a ciki: guntun roba mai laushi, wani baƙon ƙarfe, maɓalli, kayan wasan yara, duk abin da wani ya tsinto ya ga yana da wata dabara a jikinsa. Wanda aiki ya cije masa sai ya je ya buɗe yana taɓawa, ko Allah zai sa wata dabara ta faɗo masa. Mu da muke korar yara a kan tara gwangwani da murafen kwalba, sai mu riƙa sassautawa.

Waɗanda aka haɗa a kan aikin amalanken ba duka injiniyoyi ba ne. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, akwai masanin harshe, akwai wanda ya karanta ilimin halittu, akwai mai ilimin kasuwanci. Idan suka zauna kawo shawarwari suna da ƙa'idoji da suka rubuta a bango. Mutum ɗaya ne zai yi magana a lokaci guda. Ba a kushe shawarar kowa a wannan zama, komai rashin kan gadonta, sai an gama tarawa sannan a tace. Har 'yar ƙararrawa ke gare su da ake kaɗa wa wanda ya yi saurin kushe ta wani. Na so a ce muna da irin wannan ƙararrawa a tarurrukanmu na ƙungiya, inda ƙaramar cikinmu kan buɗe baki sau ɗaya a gwale ta, shi ke nan ta yi shiru har shekara ta zagayo.

RABIN AIKIN KALLO NE

Abin da ya fi ba ni sha'awa a rayuwar waɗannan mutane shi ne, yawancin ranakun farko na kowane aiki ba a ofis suke yin su ba. Fita suke yi su shiga kantuna da asibitoci da gidajen mutane, da izinin masu gidan, su sami gefe su zauna suna kallo. Dalilinsu kuwa shi ne, ɗan Adam idan ya daɗe da wata wahala sai ya daina ganinta. Ki tambaye shi ya ce lafiya lau.

Ga misali. Kamfanin OXO mai yin kayan kicin ya so ya fitar da kofin awo, irin mai layi-layi a jiki da ake auna madara ko mai. Da aka tambayi masu girki me ke damunsu da kofin da suke da shi, sai suka ce na gilashi yana fashewa, mariƙin yana santsi idan hannu da maiƙo. Sai aka ce to ku auna mu gani. Kowa sai ya zuba, ya sunkuya ya duba layin ta gefe, ya ƙara, ya sake sunkuyawa, ya rage, ya sake sunkuyawa. Babu wanda ya ambaci wannan sunkuye-sunkuye a matsayin matsala, domin a ganinsu haka awo yake. Kofin da kamfanin ya fitar yana da wani gangare a cikinsa da aka rubuta awon a kai, kina tsaye kina zubawa kina karantawa daga sama.

Haka aka yi da buroshin goge haƙori na yara. Da can ɗauka ake yi tunda hannun yaro ƙarami ne, sai a ƙanƙanta buroshin manya a ba shi. Da ma'aikatan IDEO suka tsaya suka kalli yara suna goge baki, a wani aiki da suka yi wa kamfanin Oral-B a shekarun 1990, sai suka ga babba da 'yan yatsu yake riƙe buroshi, yaro kuwa damƙe shi yake yi da tafin hannu gaba ɗaya. Ashe mariƙi mai kauri da laushi yaro yake buƙata. Ki duba buroshin yaranki yau, da wuya ki ga ba mai kaurin ba ne. Wace uwa ce ba ta taɓa ganin yadda ɗanta yake damƙar cokali ba? Duk mun gani. Bambancin kawai su sun ɗauki abin da suka gani da muhimmanci.

Akwai wata mata da ta kai wannan kallo inda ba kowa zai iya ba. Sunanta Patricia Moore. A shekarar 1979 tana da shekara 26, tana aiki a wani babban ɗakin tsara kaya a birnin New York, sai ta kawo shawarar a yi ƙofar firji da mai ciwon gaɓoɓi zai iya buɗewa. Aka nuna mata cewa su ba don irin waɗannan mutane suke aiki ba. Abin ya tsaya mata a rai, domin ta tashi tare da kakanninta ta ga yadda tsufa ya sa kayan gida suka gagare su. Sai ta sa aka yi mata shigar tsohuwa 'yar sama da shekara 80. Ta toshe kunnuwanta don jinta ya ragu, ta sa tabarau mai dushe gani, ta ɗaure gaɓoɓinta don kada su lanƙwasu da sauƙi. Daga 1979 zuwa 1982 ta zaga garuruwa fiye da 100 a Amurka da Kanada a cikin wannan kama, tana hawa mota, tana shiga kanti, tana ƙoƙarin buɗe kwalbar magani. Ta ga yadda mai kanti da ya yi mata fara'a jiya tana budurwa yake ɗaure mata fuska yau tana tsohuwa. Har wasu matasa suka taɓa tare ta suka yi mata dukan da ya bar mata rauni. Ba cewa nake wata ta kwaikwaye ta ba. Mu Allah Ya hutar da mu, tsofaffinmu suna tare da mu a gida ɗaya. Tambayar ita ce ko mun taɓa tsayawa mun kalli yadda Inna ko Hajiya Babba take fama da murfin butar alwala da asuba.

MATAR DA HANNUNTA KE CIWO

Shi kansa kamfanin OXO daga kicin ɗin wata matar aure ya samo asali. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Sam Farber, wanda ya riga ya yi ritaya daga sana'ar kayan girki, suna hutu da matarsa Betsey a kudancin Faransa, sai ya ga tana shan wahala wajen fere tuffa da 'yar wuƙar fere ta ƙarfe, saboda ciwon gaɓoɓi da ke damun hannunta. Kin san irin wuƙar, siririn mariƙi mai cin tafin hannu. Bai ce mata ta yi haƙuri haka kowa ke yi ba. Ya tafi wani ɗakin tsara kaya a New York mai suna Smart Design ya ce a sake wa abin tsari. Patricia Moore ɗin nan tana cikin waɗanda aka nemi shawararsu.

Suka tara mariƙai iri-iri suna gwadawa, suka sassaƙa samfuri bayan samfuri suna ba masu ciwon hannu da tsofaffi da masu lafiya suna riƙewa. Daga ƙarshe suka tsaya a kan mariƙi mai kauri, na baƙar roba mai laushi wadda ba ta santsi ko hannu da ruwa, mai ɗan faɗi don kada ya juya a hannu, da 'yan tsage-tsage a gefe inda babban yatsa ke zama, irin na mariƙin keke. Aka fitar da shi kasuwa a 1990. Ya fi na ƙarfen tsada nesa ba kusa ba, amma mutane suka yi ta saye, har da waɗanda hannunsu lafiya ƙalau. Abin da aka yi don mai rauni sai ga shi ya yi wa kowa daɗi. A ofishin kamfanin har bango guda suka cika da safar hannu da mutane suka yar a titi, manya da ƙanana, don ma'aikaci ya riƙa tuna cewa hannaye ba iri ɗaya ba ne.

Da na karanta wannan labari sai na tuna mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Wuƙarta ta yanka kuɓewa kullum a naɗe take da robar tsohuwar tayar keke. Muna yara muna ganin abin kamar ƙauyanci. Ashe ita ta riga ta gano abin da waɗancan suka kashe kuɗi suka gano. Masu wannan sana'a idan suka shiga gida, irin wannan suke nema da ido: inda aka naɗa tsumma, inda aka ɗaura waya, inda aka sa dutse aka tokare. Duk inda kika ga mace ta yi wa abu ɗauri, to wanda ya tsara shi ya bar aiki bai ƙarasa ba.

A GWADA DA KWALI KAFIN A ZUBA ƘARFE

Bayan kallo sai gwaji. A kowane ɗakin tsara kaya akwai wani sashe kamar shagon kafinta, da zarto da almakashi da gam da salatif da kwali da soso. A yau an ƙara da na'urar da ke fitar da abu na roba kai tsaye daga zanen kwamfuta. Ƙa'idarsu ita ce kada a tsaya dogon musu a kan abin da za a iya haɗawa a riƙe a hannu. Samfurin farko kuma ba a son ya yi kyau, domin idan ya yi kyau mutane kunyar kushe shi suke ji, shi ma mai shi ba ya son a taɓa.

Linzamin kwamfuta na farko da kamfanin Apple ya sayar, David Kelley da abokan aikinsa ne suka tsara shi a farkon shekarun 1980. Samfurin gwajinsa da ƙwallon kwalbar turaren hammata aka haɗa shi, da 'yar robar ajiye man shanu. Wani lokaci kuma likitocin tiyatar hanci suna ta kwatanta wa ma'aikatan IDEO irin na'urar da suke so, magana ta ƙi fahimtuwa, sai wani matashi ya fita ya ɗauko alƙalamin rubutu a allo da gwangwanin fim da abin maƙale shanya, ya naɗe su da salatif ya miƙa. Likitocin suka ce yauwa, abin da muke nufi ke nan.

Kada ki ɗauka wannan dabara baƙuwa ce a wurinmu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Nana Faɗima (RA), a rashin lafiyarta ta ƙarshe, ta nuna wa Asma'u bint Umais (RA) damuwarta game da yadda ake ɗaukar gawar mace, a lulluɓa mata mayafi kawai surar jikinta tana bayyana. Asma'u ta zauna a Habasha lokacin hijira tare da mijinta Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA), ta ga yadda suke yi a can. Ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta sa aka kawo ɗanyun rassan dabino, ta lanƙwasa su, ta yafa mayafi a kai, ta nuna mata. Nana Faɗima ta ji daɗin abin, aka kuma yi mata haka da ta rasu. Ki duba da kyau: ga matsala da mace ta gani wadda ta shafi mata, ga dabarar da aka gano a wata ƙasa, ga samfurin gwaji da abin da ke kusa. Babu abin da ya rage a cikin matakan da ake koyarwa a jami'a yau.

Haka kuma ya zo a Sahihul Buhari cewa wata mata daga cikin Ansar, mai bawa kafinta, tana da hannu a yin mumbarin Manzon Allah (SAW), bayan a da a jikin kututturen dabino yake tsayawa ya yi huɗuba. A Suratu Saba'i kuma Allah Ya ba mu labarin Annabi Dawuda (AS) da saƙar sulke, da umarnin da aka yi masa na daidaita awo. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa ana nufin kada ƙusa ta sirance ta yi lako-lako a cikin zobe, kada kuma ta yi kaurin da za ta fasa shi. Kyautata abin da hannu zai yi aiki da shi yana da asali a addininmu.

IDAN BA A TAMBAYI MAI TUƘA TUWO BA

A shekarar 2005 wani masanin kimiyya mai suna Ashok Gadgil, daga wata cibiyar bincike a Berkeley ta Amurka, ya je sansanonin 'yan gudun hijira a Darfur ta ƙasar Sudan. Matan sansanin suna tafiyar sa'o'i neman itace, a hanya kuma ana far musu ana keta musu haddi. Duk itacen da aka rage ƙonawa, an rage wa wata mata fita ke nan. Da ma akwai murhunan ƙarfe masu tsimin itace da aka yi a wasu ƙasashe, sai aka kai aka ba matan su gwada. Nan aka ga aibinsu. Abincin mutanen Darfur asida ne, ɗan'uwan tuwonmu, tuƙa shi ake yi da ƙarfi a tukunya mai zagayayyen gindi. Murhun da aka tsara don dafa shinkafa ina zai iya da muciya? Ana fara tuƙi sai ya nemi kifewa. Ga kuma iskar wurin tana kwashe wutar. Sai da aka zauna da matan aka sake tsari: aka yi masa ƙafafun da za su kafu a ƙasa, aka yi masa kewaye mai tare iska wanda tukunyarsu za ta zauna daram a ciki, aka ƙanƙanta ƙofar itacen don kada a cusa fiye da kima. Murhun da ya fito yana cin kusan rabin itacen da murhun duwatsu uku ke ci. Duk digirin da ke cikin tawagar, babu wanda ya san abin da mai tuƙa asida ta sani.

Wasu ɗaliban Jami'ar Stanford kuma, wajen 2007, aka ba su aikin tsara kwalbar jarirai mai araha saboda bakwaini. Da ɗayansu ya je ƙasar Nefal sai ya tarar da kwalabe a asibitin birni babu jarirai a ciki, domin jariran a ƙauye ake haifarsu, ba sa isowa. Sai suka bar batun kwalba suka yi wata 'yar jakar kwanciya mai suna Embrace, da wani kaki a bayanta da ake ɗumamawa ya riƙe zafin jikin mutum na sa'o'i. A Indiya suka sake cin karo da wani abu. Iyaye mata suka gaya musu cewa su maganin asibiti ƙarfi gare shi, idan likita ya ce cokali ɗaya rabi suke bayarwa, don haka ko an ce a ɗumama kakin zuwa lamba 37 su ƙasa da haka za su tsaya. Rabin ɗumi kuwa ga bakwaini halaka ne. Sai aka cire lambar aka sa alamar da ke nuna ya yi ko bai yi ba. Da ba a zauna da matan an saurare su ba tare da raini ba, da wannan magana ba za ta fito ba. (Mu ma masu raba ƙwayar magani biyu, a ji tsoron Allah a bi yadda likita ya ce.)

BA KULLUM AKE KWANA A GADO BA

Kada labaran nan su sa ki ɗauka wurin wasa da dariya ne kawai. Mai kuɗin aikin shi ke da magana ta ƙarshe, kuma sau da yawa maganarsa ita ce a rage kuɗin ƙira. A nan ne mariƙi mai kyau yake komawa siririyar roba mai narkewa. Ana kwana a ofis idan ranar miƙa aiki ta matso. Ana shafe watanni a kan abu daga ƙarshe a ajiye shi. Shi kansa amalanken da aka nuna a talabijin bai zama abin da ake gani a kantuna ba. A shekarar 2023 kuma IDEO ya sallami ma'aikata masu yawa saboda aiki ya ja baya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ilimin da ake sanin hannun mace da shi, da shi ake sanin idonta. Wani kayan an tsara shi ne don ya yi kyau a kanti kawai, ki gani ki ji ba ki iya tafiya ki bar shi. Mu da muke haɗa wa 'ya'yanmu kayan ɗaki mun san wannan. Saitin kuloli na dubban nairori, masu ruwan zinare, a jere a kabet, amma ranar da aka zuba miya a ciki murfin ya ƙi rufuwa. Wani uban har bashi ya ci. Idan za ki saya, ki ɗaga abin da hannu ɗaya, ki tuna nauyinsa idan an cika shi. Ki buɗe ki rufe sau uku. Ki zura yatsa ki ji ko akwai lungun da soso ba zai kai ba. Ki tambayi kanki ko za a sami murfinsa ko robarsa a kasuwa in ya lalace. Mai kanti zai ɗaure fuska, ki ƙyale shi, kuɗinki ne.

NA GIDA

A nan ƙasarmu, Malam Mohammed Bah Abba, a lokacin da yake malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya lura da yadda kayan gwari ke ruɓewa a ƙauyukan da ba lantarki, abin da ke sa a ɗora wa 'yan mata talla kullum don a sayar kafin su lalace, makaranta kuwa ta wuce su. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Shi ya sa ta fi aiki a busasshen yanayi irin namu, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. An ba da rahoton gauta da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex ta duniya a kan wannan aiki.

Idan kuma 'yarki ce kullum tana zane a bayan littafi, ko tana kwance rediyo ta ga cikinsa, kada ki ce ɓarna ce kawai. Fanni ne da ake karantawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da aikin yumɓu da na gilashi da na yadi da zane. Ladi Kwali da ke jikin takardar naira 20 da tukunya ta kai inda ta kai. Ku zauna da mahaifinta ku duba, abin da ya shige muku duhu ta fuskar shari'a ku tambayi malamai. Kayan da mata ke aiki da su, daga kicin har ɗakin haihuwa, suna buƙatar matan da suka san su.

AIKIN GIDA

Kafin zamanmu na ta'alim mai zuwa, kowace ta zaɓi abu ɗaya a gidanta: ludayi, maburgi, abin goga kuɓewa, risho, butar alwala, ko hijabin makarantar yara. Ki ba mutum uku su yi aiki da shi kina kallo: tsohuwa, yarinya, da bahaguwa in akwai ta a gidan. Sharaɗin shi ne ba za ki ce uffan ba, ba gyara, ba faɗa, ko da kin ga ana riƙe shi a karkace. Ki rubuta inda hannu ya tsaya, inda fuska ta yamutse, inda aka nemi tsumma. Sannan ki gwada gyara ɗaya da abin da kike da shi, kwali ne, zare ne, roba ce. Wanda ya yi kyau za mu haɗa kuɗi mu kai wa maƙeri ko tela ko mai ginin tukwane ya fitar mana da shi sosai. Ku zo da abin da kansa, ko da ya karye.